Hannuwa za a ƙidaya ko injuna?

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ya aiki, ya iyali? Sunana Sani, daga Ƙofar Kwaya a nan Katsina. Ina da ɗan janareta, ina ba teloli da masu aski wuta idan ta gwamnati ta ɗauke.

Mu masu wannan sana'a mun yi yawa, wayoyinmu sun sarƙe a kan falwaya. Kwanaki wani ya datse tawa yana zaton tasa ce, telolina suka wuni ba ɗinki ana jibi Sallah. Shi ya sa muka ce a kafa ƙungiya, a raba layuka, kowa ya san iyakarsa.

Ranar Asabar bayan La'asar muka taru zaɓen shugaban da zai yi rabon. Na ce kowa ya ɗaga hannu, tunda yanzu soja sun koma bariki. Sai Alhaji Lawal, mai manyan injuna huɗu, ya ce, "Hannu ɗaya zan ɗaga, kamar mai injin da ko dutsen guga ba ya ɗauka? Injuna za a ƙidaya."

Da ni yake. Na ce, "Alhaji, ranar zaɓen gwamna layi ɗaya muka bi da kai. Ƙuri'a nawa aka ba ka?"

Ya kaɗe rigarsa ya fita, taro ya watse. Jiya na tarar ya ja sabuwar wayarsa zuwa layin da nake ba wuta.

Masu sauraro, ku ba mu shawara: hannuwa za a ƙidaya ko injuna? Ina gaida Alhaji Lawal. Na san yana ji, rediyonsa ba ya rasa wuta.