Iyakwandishan a Rufin Motar Orval

A bencin jira na wani gareji a Yuma, gari mai zafi a tsakiyar hamada, tsoho Orval yana kallon doguwar motar da ya mai da gida, rufinta a yage kamar gwangwanin kifi. Wata mata mai jiran facin taya ta dube shi.

"Baba, sabuwar taga ka yi a sama?"

"Iyakwandishan ne a wurin, 'yar nan. Gadar jirgin ƙasa ta kwashe shi."

"Gadar ce ta sunkuyo, ko?"

"Da hannuna na ɗora shi. Na manta motar ta ƙara tsayi."

"Sannu da aiki. Yanzu kam iska har ta yi maka yawa."

"Ba don kaina na sa ba. Matata Marlene ta ce ta gaji da kwana cikin tanda, ta koma gidan 'yarmu."

"Ta ga abin kuwa?"

"Na aika mata hotonsa."

"Me ta ce?"

"Ta ce ya yi kyau, in gaida hamada."

"Baba, anya zafi ne ya kore ta?"

Orval bai ɗauke ido daga rufin ba.

"Makaniki ya ce sabon da zai sa min ya fi wancan sanyi."