Tukunyar Ɗoɗɗoya ta Ƙarshe

A rumfar mai sayar da shuke-shuke, wata dattijuwa da wani magidanci suka kai hannu kan tukunyar ɗoɗɗoya ɗaya da ta rage.

"Mama, na riga ki."

"Haba ɗan nan, wannan ta tagar ɗakin baƙi ce. Jibi za a kawo mini jikata, karo na farko! Ciwon asma gare ta, uwarta ta hana fesa magani, ta ce in sauro ya cije ta sun koma."

"To ɗauki. Ki riƙa murza ganyen, ƙamshin ya tashi."

"Allah ya yi albarka. Tana korarsu kuwa?"

"Sosai. Gidana cike yake da ita."

"Ba ka jin cizo?"

"Ina zan ji, ina kwance cikin gidan sauro?"

Ta dube shi sama da ƙasa.

"A wane layi ka sayo shi?"