Haruffa Shidan da Na Yanke

Mai girma shugaban taro, iyayenmu dattawan sana'a, 'yan'uwana masu buga takardu da masu rubuta alluna, maza da mata, assalamu alaikum. Ina godiya da kuka ba ni wannan dama.

Maganata a kan adireshin kuɗin intanet ce, dogon layin nan na haruffa da lambobi da ake kawo mana mu buga a kati ko a allo.

Da farko, mu san abin da muke bugawa. Na'ura ba ta san komai ba sai sifili da ɗaya. Masana suka tausaya wa idon ɗan Adam, suka mayar da wannan tarin lissafi haruffan da za a iya karantawa, a kwafa, a faɗa ta waya. Sannan suka ɗaura wasu 'yan haruffa a wutsiya, aikinsu su shaida cewa na gabansu daidai suke.

Na biyu, ni da nake tsaye gabanku, shekara ashirin a sana'a, da hannuna na yanke wutsiyar nan. Wata tela, shekara tara ina yi mata aiki, ta kawo adireshinta in buga mata a kati ɗari biyar za ta kai baje koli. Layin ya ƙi shiga katin, ya ɓata mini tsari, ni kuwa kun san ni da son kyan aiki. Na share haruffa shidan ƙarshe, na ce ai ado ne.

Kwana uku sai ga ta, ko sallama babu. "Yaya, me kika yi mini? Mutum ya zaɓi riga goma sha biyu, ya zo biya, waya ta ce adireshin ba daidai ba ne. Ya ajiye kayan ya wuce rumfar gaba!"

Wallahi na ji kunya. Wayar ta nemi wutsiya ta rasa, ta ƙi tura kuɗin mutum inda za su ɓace. Ita ta yi aikinta, ni ce ban yi nawa ba.

Don haka ga dokar da nake so mu kafa yau, kuma na tabbata za mu iya. Kada a rage harafi, kada a sauya babban harafi da ƙarami, kada kati ya bar shago sai an gwada shi a waya a gaban mai shi. An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. To, yau ni ce wanen.

Na sake buga mata kyauta. Ta karɓa, ta yi godiya, ba ta ƙara tako ƙofar shagona ba, kuma ban ga laifinta ba.

Allah ya tsare mana amanar jama'a, ya albarkaci sana'armu, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.