Ni Dogon Ya Kama, Illa Gajeren

Tumakin innarmu biyu aka sayar aka yi mini kuɗin mota, muka bar Tasawa ni da Illa, ɗan maƙwabcinmu. Ku da kuke ɗokin ci-rani, ku matso ku ji.

A Injamena wata unguwa muka sauka, wai Parikwango. Na ce wa Illa, "To ga mu a Faris, saura Kwangon." Wanki da guga muke yi a zauren Alhaji Ɗahiru, jikan mutanen da suka nufi Makka da ƙafa suka zauna nan. Hausarsa rabi Larabci ce. Kullum faɗa: "Ruwan sabulunku zai kayar mini da katanga!" Ni kuma in ce, "Alhaji, katangar da muka tarar a karkace?"

Wata Juma'a wani mutum ya kawo salula biyu, ya ce daga Kusiri ta Kamaru ya ƙetaro da su. Muka saya, kowa ɗaya. Ashe na sata ne.

Bayan kwana huɗu, da hantsi, ina hura gawayin dutsen guga, sai ga 'yan sanda biyu, dogo mai furfura da gajere mai baƙin tabarau. Dogon ya kama hannuna, gajeren ya shaƙo wuyan rigar Illa. A komisariya, ofishinsu, kowa ya ja nasa zuwa teburinsa, tsakaninmu bai fi taku biyar ba.

Dogon ya kira wata mai sayar da abinci a bakin ƙofa ta yi mana tafinta. "A ina ka samu? Wa ya gani?" Na ce Alhaji yana wurin. Ya rubuta, ya sa aka karanta mini kafin in dangwala yatsa. Takardar nan pewe suke ce mata. Ni na ɗauka sunan wani babba ne.

Ina jin gajeren yana yi wa Illa tsawa da Faransanci. Illa ya miƙe, ya ce: "Wallahi saya na yi!" Aka danna shi kan benci, aka miƙa masa takarda. Na ce, "Illa, kar ka sa hannu!" Dogon ya buga tebur, ya ce in kula da kaina. Illa ya dube ni, ya dangwala.

Kwana biyu na yi a gardabu, ɗakin tsarewarsu. Alhaji, duk da faɗanmu, ya zo da babbar riga ya ba da shaida, aka sake ni. Ya ce, "Ɗayan ma yarona ne, tare suka saya." Dogon ya sunkuyar da kai. "Wannan ba a hannuna yake ba." A takardar Illa an rubuta ya amsa yana cikin ɓarayin, har ya yi wa hukuma taurin kai. Da ita aka kai shi gaban alƙali, aka tura shi kaso.

Wata bakwai ina kai masa tuwo ranar ziyara, har ciwon ƙirji ya kwantar da ni, Alhaji ya sa ni motar gida. Sai bayan shekara Illa ya fito.

Ranar da na iso Tasawa, uwarsa ta tare ni tun ban ajiye jaka ba. Ta leƙa bayana, ta sake leƙawa, ko da yake labari ya riga ni isowa.

"Habu, kai me ka gaya musu da shi bai gaya ba?"

Na ce, "Inna, magana ɗaya muka faɗa."

Ta karɓi jakata. Sannan ta ce, "To shiga ka sha ruwa."