Fuskar Yayata Ba Bangon Otal Ba Ce

Shugabar wannan zama, dattawan ƙungiyarmu ta ma'aikatan otal, likitocin da suka amsa gayyatarmu, 'yan'uwana masu girki, masu gyaran ɗakuna da masu tarbar baƙi, ina yi muku sallama. Na gode da kuka ba ni wannan dama, amma ku yi mini uzuri idan muryata ta yi kaushi, domin raina a ɓace na tsaya a gabanku.

Yawancinku kun san yayata, wadda kuke kira Anti Maraba. A teburin tarbar baƙi ta ƙarar da ƙuruciyarta. Ta san baƙon da ke son ɗaki nesa da titi, ta san wanda ciwon gwiwa ya hana shi hawa bene. Sai ga sabon manaja ya kira ta ofis, ya dube ta sama da ƙasa, ya ce, "Anti, aikinki ba laifi, amma fuskar nan ta gaji. Ki san yadda za ki yi da ita, ko in mayar da ke sito."

Wannan shi ne abu na farko da ya kawo ni. Yaushe tamoji ya zama laifin aiki? Yaushe fuskar mutum ta zama bango, da za a ce a kankare a sake fenti?

Na biyu, wurin da tsoro ya kai ta. Wani ɗaki ne a saman shagon sayar da waya, da fararen labule, da wani mutum cikin farar riga wanda bai taɓa karatun likita ba. Yana da na'urar da ke ƙona saman fata, wai don sabuwa ta fito. Bai tambaye ta ko tana shan magani ba, bai duba irin fatarta ba. Da ta ji ƙauri ta ce masa, "Malam, yana ci na fa." Ya ce, "Ki daure, kyau ne yake shiga."

Ni na yi jinyarta. Ni nake jiƙa rigar matashi da ruwan ɗumi kafin in ɓamɓare ta daga kumatunta. A gabana jikarta ta shigo da gudu za ta faɗa jikinta, ta ga fuskar, ta koma bayan ƙofa ta ɓuya. Likitar fata ta ce aikin yana yiwuwa a hannun wanda ya koye shi, amma wannan tabon ya zauna ke nan. Muka koma shagon muka tarar da kwaɗo a ƙofa. An ce ya buɗe wani a wata unguwa, kuma mata na bin layi.

Na uku, mu kanmu. Na ji ana raɗa a ɗakin canza kaya: "Da girmanta, wa ya aike ta?" Ku da kuke tambaya, wanda ya aike ta yana nan a ofishinsa, fanka na kaɗa shi.

Da ta warke, ta koma aiki, manaja ya nuna mata hanyar sito. Ta cire takunkumin da take rufe fuska da shi, ta ja kujerarta ta tarbar baƙi ta zauna, ta ce, "Ranka ya daɗe, kai ka yi odar wannan fuskar, da ita zan tarbi baƙinka." Ya ce gobe da safe masu gadi za su fitar da ita.

Saboda haka ina roƙon likitoci su raka mu wurin hukuma a rufe shagon mutumin nan. Ina kuma roƙonku, gobe kada a gyara gado, kada a ɗora tukunya, mu taru mu tsaya a bayan kujerarta. Masu gadin ma 'yan ƙungiyar nan ne, ga su can a layin baya, kuma ina kallonsu.

Allah ya ba yayata haƙuri, ya tsare mana lafiyarmu, ya sa mu tsufa da mutuncinmu a bakin aikinmu, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.