Fuskar Katakon da ke Akwatin Saja Inuwa

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, iyayenmu tsofaffin sojoji, malamai da fastoci, iyaye mata da suka taso tun daga Rigasa da Kinkinau, da sauran jama'a, ina gaishe ku gaisuwar girma. Sunana Nafisat, 'yar marigayi Saja Inuwa na Hayin Banki. Na gode da ta'aziyyar da kuka yi mana, na kuma gode da aka bar ni na tashi alhali babu sunana cikin masu jawabi. Ku yi haƙuri, wallahi hankalina a tashe yake.

Maganata ta farko a kan abin da Baba ya bari ne. Yana cikin sojojin da aka tura Kwango aikin kiyaye zaman lafiya, shekara sittin da 'yan kai da suka wuce. A gabashin ƙasar, can cikin kurmi, wani dattijo ɗan ƙabilar Lega da rikici ya kora daga ƙauyensu ya damƙa masa wata fuskar katako. Ba ta wuce tafin hannu ba, an shafe ta da farar ƙasa, da dogon gemu na zare. A wurinsu shaidar daraja ce, in mai ita ya mutu sai ta koma hannun magajinsa, daga kaka zuwa jika. Dattijon ya ce a riƙe masa har ƙura ta lafa. Kafin ta lafa aka kwashe su Baba.

Magana ta biyu ita ce ta hana ni cin abinci. Ranar Juma'a za a yi sadakar arba'in, a raba gado. Yayana Datti ya buɗe akwatin da Baba ya ajiye fuskar a ciki, ya gan ta, ya yi salati, ya ce, "Gunki a gidanmu? Ba a gadon gunki, ƙonawa ake yi." Na ce, "Yaya, ba gado ba ne, ajiya ce, Baba da bakinsa ya ce in mayar." Ya ce, "Wa ya ji?" Jama'a, ni kaɗai na ji, ina ba shi kunu a asibiti. Ba na ganin laifin Yaya, addininsa yake karewa. To, ni ma addinin nake karewa, don ba a cin amana ko ta waye ce. Malamin da zai yi rabon ya ce in kawo shaida ko da mutum ɗaya ne, sai a ware fuskar a nemi masu ita. In babu, wuta.

Don haka maganata ta uku roƙo ce. Iyayena, ku huɗu kuka rage cikin waɗanda suka je tare da shi. Wanda ya ga ranar da aka ba shi, wanda ya taɓa jin ya ambata, wanda ya tuna ko sunan ƙauyen, don girman Allah kada ya tafi gida da maganar a cikinsa. Ina tsoron ranar da za a tambayi Baba ajiyar mutane, a tarar 'ya'yansa ne suka cinna mata ashana.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu da Kwango lafiya, ya mai da kowa gida cikin aminci. Ni dai zan tsaya a bakin ƙofar can har mutum na ƙarshe ya fita.

Na gode.