Ranar da Likita Ya Tambaye Ni Labarin 'Yata

Shugaban wannan taro Alhaji Ba'ana, shugabar makaranta da malamanta, malaman addini, likitocin da suka baro aiki suka zo, iyaye maza da iyaye mata na Bulumkutu, har da waɗanda suka ji an ce akwai lemo suka shigo: assalamu alaikum, wushe wushe.

Ina godiya da aka ba dillalin shanu lasifika a taron da ya shafi ƙwaƙwalwar yara. Sunana Saleh. Na zo in tona wa kaina asiri ne, don kada wani uba ya yi irin wautar da na yi.

Magana ta farko ita ce kunya. Mu jikokin makiyaya ne. Mun bar daji mun shigo gari, amma ba mu bar kunyar ɗan fari ba. 'Yata ta fari tana ɗauke da sunan mahaifiyata, saboda haka kunyar ta zama biyu. Ba na kiranta, ba na ɗaukarta, ba na wasa da ita. Tun da aka yaye ta tana ɗakin kakarta, Hajja.

Ta kai shekara biyar ba ta magana. Malamarta, Malama Florence, ta kira ni ta ce yarinyar ba ta shiga cikin yara, kuma da an kaɗa ƙararrawa sai ta toshe kunne ta yi ta kuka. Ta ce in ba a gano damuwarta ba, zaman ajin zai gagara, sai dai ta koma gida. Na ji haushi ƙwarai, amma na kai ta asibiti, ni da Hajja.

Magana ta biyu ita ce tambayoyin likita. Jama'a, ni ne mutumin da zai buɗe bakin bijimi ya faɗa muku shekarunsa, ya dubi tafiyar saniya ya ce tana da ciki. Likita Yoila ya tambaye ni yaushe 'yata ta fara tafiya, na ce ban sani ba. Ya ce tana nuna abu da yatsa? Na dubi rufin ɗaki. Ya ce in na kira sunanta tana juyowa? Na ce, "Likita, ni in kira sunanta? Gidan wa aka taɓa yin haka?" Ya cire tabarau ya dube ni, ya tambaya ko dai ni maƙwabci ne.

Nan Hajja ta karɓe zancen cikin alfahari. Ta ce duk Maiduguri babu yarinya mai tarbiyyar jikarta: ba ta kallon babba a ido, ba ta mayar da magana, ba ta zuwa maƙwabta, kullum tana lungu tana jera murafen kwalba. Hajja tana lissafa yabo, likita yana rubutu. Mu muna zaton lambar yabo yake shirya mana, ashe alamomi yake tarawa.

Bai yanke hukunci a ranar ba. An gwada kunnen yarinyar, an kalli wasanta, an ji ta bakin malamarta, mun yi sawu huɗu a keke napep. Sannan ya ce tana da abin da suke kira otizim. Ba aljanu ba ne, ba baki ba ne, ba laifin uwa ba ne. Ƙwaƙwalwarta ce ke karɓar duniya ta wata hanya dabam. Makaranta ta sauya mata wurin zama, mai koyar da magana ya fara ganinta. Ni kuma aka ɗora mini aikin gida: kullum in zauna da ita a tabarma, in yi abin da take yi.

Ku dube ni da girmana da babbar rigata, ina jera murafen kwalba. In na karkata ɗaya, ta ture hannuna ta gyara. Hajja ta ce duniya ta zo ƙarshe.

Bayan wata bakwai, ina zaure da manyan dillalai muna shan shayi, sai ga yarinyar ta shigo. Ta kama bakin rigata, ta buɗe baki da muryar da ban taɓa ji ba, ta kira ni yadda take jin kakarta na kirana: "Saleh."

Dillalai suka dubi juna. 'Ya ta kira ubanta gatsal a gaban mutane! Ni kuwa hawaye ya cika mini ido, na ce, "Na'am." Wallahi ban taɓa amsa kiran da ya kai wannan daɗi ba. Tana nan a ajinta har yau.

Iyaye, ku kalli 'ya'yanku, ku zauna da su, ku kai su a duba tun da wuri. Allah Ya raya mana su, Ya saka wa malamai da likitoci da alheri, Ya zaunar da Borno lafiya, Ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.